Bindigar Kaka: A Rataye Ta Ko A Rabu Da Ita?

Ranar da aka zauna rabon gadon kakanmu, gona ba ta ja magana ba, haka ma shanun huɗa biyu da rumbun dawa. Malam ya yi lissafinsa a ƙasa da ɗan tsinke, kowa ya ji rabonsa, aka yi shiru. Sai da aka sauko da bindigar tsoho daga inda take rataye a ɗakinsa sannan zaure ya ɗau zafi. Harbi-ka-ruga ce, irin wadda ake ɗurawa ta baka. Icenta ya yi baƙi ƙirin don shan gumi da hayaƙi, an naɗe wuyanta da jar fata, ga layu uku a ɗinke a gindinta, da wuri biyu da ba wanda ya san ma'anarsu tun da mai ita ya kwanta dama. Da za a kai ta kasuwa ba za ta yi kuɗin tunkiya ba. Amma a kanta aka kai la'asar sakaliya ba a tashi ba.

Baffa, wanda shi ne babban ɗa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba kayan rabo ba ce. A ɗauki abin da za a ɗauka cikin nawa, a bar mini ita." Gwaggo tana zaune daga bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ta ce, "Yaya, ai ni ma ubana ne. Kuma ni ba rabona nake nema a jikinta ba, so nake ta bar gidan nan. Dubi yaran da ke wasa a tsakar gida."

Ina saurayi a lokacin, ba ni da bakin magana. Amma tun daga ranar na sha jin wannan gardama a gidaje daban-daban, wani wuri a kan bindigar baushe ta maharbi, wani wuri a kan mai baki biyu da tsohon ɗan sandan En'e ko ma'aikacin gandun daji ya bari. Muryoyin ne kawai ke sauyawa. Kullum akwai Baffa, kullum akwai Gwaggo, kuma ban taɓa ganin wanda a cikinsu yake maganar banza ba.

Bari in fara da Baffa, don shi ne ake saurin yi wa dariya a birni. Kakanmu bai bar hoto ko ɗaya ba. Bai bar wasiƙa ba, ba a taɓa ɗaukar muryarsa a kaset ba. Rigunansa an bayar sadaka kafin a yi bakwai. Idan aka ce wa Baffa ya nuna ubansa, me zai nuna? Mutanenmu na da ba su bar kansu a takarda ba, a jikin kayan aikinsu suka bar kansu. Malami ya bar allo da gafaka, maƙeri ya bar uwar maƙera da awartaki, wanzami ya bar zabira, mahauci ya bar wuƙar da wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke. Maharbi kuwa bindiga ya bari. Idan ka riƙe ta kakanmu, yatsunka da kansu za su faɗa cikin ramin da nasa suka yi a icen. Akwai wani tabo kusa da gindi, kowa a gidan ya san labarinsa: gyadon da aka harba bai mutu ba, ya juyo, tsoho ya kare kansa da gindin bindiga. An ba mu wannan labari ya fi sau ɗari, kuma ba a taɓa ba mu shi ba sai an sauko da ita an nuna mana tabon.

Akwai abin da ya fi labarin dare nauyi. A farin 1973, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa daga nan har Damagaram, da wannan ƙarfe tsoho ya riƙe gida. Yakan kwana uku a daji, ya dawo da gada ko zabin daji, a ƙyafe, a kai kasuwa, a auno abin da za a tuƙa. Baffa yana cikin yaran da suka ci wannan tuwo. In ka ce masa ƙarfe ne kawai, to ka ce masa yunwar da ya tsallake ba komai ba ce. Mutumin da ya adana tsohon agogon ubansa da ya daina tafiya ba a ce masa mahaukaci. Don me za a ce wa mai adana abin da ya ciyar da shi?

Sannan bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, balle a ce ɗabi'ar wasu aka aro. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yana da dakaru masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar, limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙensu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Sarkin Damagaram Tanimu, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya tara dubban bindigogi, har igwa ya sa aka ƙera masa a garinsa. Dalilin da ya sa kuwa abin da ya rage a ɗakunan kakanninmu galibi mai ɗurin baka ce, shi ma yana da tarihi. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasel suka taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, aka bar musu tsofaffin da sai an tsaya an ɗura albarushi bayan kowane harbi. Shekara goma sha uku bayan nan, a 1903, aka ga amfanin wannan dabara a Kano da Sakkwato da Burmi. Maƙeranmu suka ɗauki abin da aka bar mana suka ƙware a kai, har suna yin hancinta da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota. Ke nan bindigar da ke rataye a ɗakin tsoho shaida ce ta yadda aka yi da mu, da kuma yadda muka yi da abin da ya rage a hannunmu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya san sauran bayanin. Kafin ka ga laimar sarki, ƙarar bindiga za ka fara ji, hayaƙi ya turnuƙe, ƙasa ta amsa, yara su toshe kunne suna dariya. Yawancin waɗannan 'yan bindiga gadon aikin suka yi, kuma da yawansu abin da ke hannunsu ya girme su. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. To a cire 'yan bindiga daga cikinsa a ga abin da zai rage wa kunne.

Hujjar Baffa ta ƙarshe ita ce wadda ta fi wuyar turewa a yau, ko da yake shi bai kawo ta ba a ranar, don lokacin ƙasa na zaune lafiya. A watan Nuwamban 2014, bayan Boko Haram ta kama Mubi har ta sauya mata suna, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka shiga gaba aka ƙwato garin. Ba makaman gwamnati ne a hannun yawancinsu ba, na gida ne, irin na kakanmu. Aisha Bakari Gombi, wadda ake kira sarauniyar maharba a Adamawa, wajen kakanta ta koyi shiga daji tun tana yarinya. A ƙauyen da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake da nisan tafiyar awa biyu a babur, ka ce wa magidanci ya miƙa bindigar ubansa, zai tambaye ka wanda zai kira in dare ya yi. Har gwamnatin Zamfara, a tsakiyar 2022, ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga don kare kansu. In gwamnati da bakinta ta faɗi haka, da wane baki za a zargi talaka?

To, ga Gwaggo.

Ita ba ta karanta tarihi ba, amma ta riƙe abu ɗaya da duk jawabin da na yi a sama bai taɓa shi ba. Allon malam in yaro ya sauko da shi, iyakarta ya fasa shi. Agogo in ya faɗi ya tsaya. Bindiga kuwa tsufa ba ya raba ta da aikinta, sai ma ya ƙara mata mugunta. Tsatsa tana cin hancin ta ciki inda ido ba ya gani, ranar da aka ɗura mata albarushi sai ta fashe a hannun mai harbin. A ƙauyukanmu ba a rasa dattijo mai yatsu uku ko mai ido ɗaya wanda bindigarsa ce ta yi masa. Wani abin kuma, mai ɗurin baka ba a gane ko da ɗuri a cikinta da kallo. Maharbi yakan dawo daga daji bai samu abin harbi ba, ya rataye ta yadda take, da niyyar gobe. Wata rana goben ba ta zuwa. A maƙwabtanmu an yi haka: yara biyu 'yan ɗaki ɗaya, babban yana kwaikwayon kakansu, ƙaramin yana yin barewa. Gwaggo tana cikin matan da suka kwana da uwar yaran. Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ita cewa take yi bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma wanda ya haƙa rijiya a tsakar gida ya bar ta buɗe, shi ma a tambaye shi.

Addini yana bayanta a nan. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai san lokacin da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada su soki wani. Wannan fa kibiya ke nan, wadda sai an ɗana an ja.

Ba yara kaɗai ba ne abin tsoro. Gidan gado gidan rigima ne. Kan iyakar gona, kan mangwaro ɗaya, kan maganar da kishiya ta faɗa shekara ashirin da suka wuce, 'yan uba sukan kai ga cin kwala. Faɗan da zai ƙare da zagi da tsoma bakin mai unguwa, in akwai bindiga a bayan ƙyaure yana iya ƙarewa a maƙabarta da gidan yari. Abin da ke faruwa a gida shi ne ya faru a ƙasa. Masu kawo labarin Mubi su kawo na Zamfara tare da shi. Lokacin da satar shanu ta yi ƙamari, 'yan sa-kai suka fito da abin da ke ɗakunansu, da sunan kare kai. Ba a daɗe ba aka fara tare Fulani a kasuwannin ƙauye ana kashewa ba shari'a ba bincike, mai laifi da marar laifi. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka sayar da shanu suka sayo abin da ya fi baushe, ramuwa ta bi ramuwa, ga mu nan har yau ba a ga ƙarshenta ba. Ban ce bindigar gado ce ta haifi wannan bala'i ba. Amma tana wurin ranar da aka yi sunansa.

Harshe ma ya ba da shaida. Lokacin ƙuruciyata in aka ce "'yan bindiga sun iso", gudu muke yi mu je kallo, don mun san sarki ya kusa. Yau in aka faɗi haka a Batsari ko Maru ko Birnin Gwari, gudu ake yi a shiga dawa da goyo a baya. Kalma ɗaya ce, cikin rayuwar mutum ɗaya ta juye. Duk mai maganar darajar bindiga a zuciyar Bahaushe sai ya faɗa mana wace zuciyar yake nufi, ta wanda ya tashi yana jin ta ranar salla, ko ta yarinyar da ta fara jin ta a daren da aka tafi da ubanta.

Sai kuma abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan Kano, sun taso daga jihar Ribas za su gida yin ƙaramar salla. 'Yan sintirin garin suka tare motar da suka hau, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba wani kwana-kwana. Sai dai duk mai shirin miƙa wa ɗansa bindigar kaka ya san irin ƙasar da yake miƙa masa ita a ciki. Abin da a garinku alamar gidan maharba ne, a wani shingen hanya hukuncin kisa ne.

Ta fuskar doka kuwa maganar a taƙaice take, kuma yawancinmu ba mu san ta ba. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi uku: akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na sufeto janar na 'yan sanda, sannan masu ɗurin baka waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisin na mutum ne, ba na gida ba, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 17 ba. In mai lasisi ya rasu, kwana 14 doka ta ba magajinsa ya riƙe bindigar, daga nan sai dai ya nemi nasa ko ta tafi ma'ajiyar hukuma. Wato kafin a yi addu'ar arba'in, abin da Baffa ke kira amanar uba ya riga ya zama abin da za a iya gurfanar da shi a kansa.

Akwai wani wuri da Gwaggo ta taɓo ba tare da ta ja shi ba, da ta ce "ni ma ubana ne". A al'ada, bindiga da takobi da rawani babban ɗa namiji ke ɗauka, ba a ko tambaya. A shari'a ba haka ba ne. Duk abin da mamaci ya bari, ƙanƙani ko babba, dukiyar magada ce gaba ɗaya, mata da maza, kowa da rabonsa. Ai a jahiliyya ne Larabawa ke hana mata da ƙananan yara gado, hujjarsu kuwa ita ce ba sa hawan doki ba sa ɗaukar makami, Alƙur'ani ya zo ya rushe wannan a cikin Suratun Nisa'i. Abin mamaki ne a ce wurin da tsohuwar hujjar ta samu mafaka a gidajenmu shi ne kan makamin kansa. Kuma in ƙauna ce ma'auni, wa ya ce ɗa namiji ya fi 'ya mace kewar uba? Gwaggo ce ta yi jinyar tsoho wata bakwai. Ita ta san yadda yake son kununsa.

Yanzu in faɗi inda nake ganin kowannensu ya zame.

Masu ra'ayin Gwaggo, musamman na ofis, suna son su ɗora wa harbi-ka-ruga laifin da ba nata ba. Ba ita ke tashin gari guda cikin dare ba. Wanda zai harba sau ɗaya ya tsaya ɗuri, sunanta ma ya faɗa masa abin da zai yi bayan harbin. Abin da ya tarwatsa ƙauyuka AK-47 ce da 'yan'uwanta, waɗanda suka malalo ta hamada bayan rushewar Libiya a 2011, da waɗanda ke zurarewa daga ma'ajiyar hukuma. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai tun 2006, Nijeriya ta kafa cibiyar kula da su a 2021, amma abin da aka fi gani a talabijin shi ne an jera baushe goma a gaban ofis an ɗauki hoto. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A ƙwace ta dattijo a bar ta ɗan ta'adda, wannan ba tsaro ba ne, neman na nunawa ne.

Amma zamewar Baffa ta fi zurfi, kuma na daɗe kafin in gane ta. Baffa bai taɓa kwana a daji ba. Ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye yana kaiwa Dawanau. Abin da ya sa bindiga ta zama abin girmamawa a hannun kakanmu ba ƙarfen ba ne, abin da ke kewaye da ƙarfen ne. Tsoho ba ya shiga gida da bakinta yana kallon mutane. Ba ya barin yaro ya tsallake ta. Ba ya harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba ya harbin abin da bai gani sarai ba, kuma in ransa a ɓace yake ba ya taɓa ta ranar. Ya san awon albarushin da take ɗauka, ya san ƙarar da take yi in ta fara gajiya. Yana ƙarƙashin Sarkin Baka, wanda zai iya hana shi fita ko ya ci shi tara. Shekara da shekaru ya yi yana ɗaukar wa ubansa buta da burgami kafin a bar shi ya ja kunama. Wannan shi ne gadon. Ba a rataye shi a bango, kuma malam ba ya iya kasa shi da tsinke. Ɗan da ya bi tsoho daji ya koya, ƙanen Baffa ne, ya riga uban rasuwa. Saboda haka ranar da muka binne kakanmu, gadon ya bi shi kabari, kwanson ne aka yi ta jayayya a kansa har la'asar.

Dajin ma ina yake? Inda tsoho ke harbin gada yanzu gonakin masara ne. Manyan dazuzzukan da suka rage, Rugu da Kamuku da Sububu, mai baushe ba ya shigarsu. Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne. Amma ɗan wanzamin da ya zama direba ba ya yawo da aska a aljihu don tunawa da uba.

Ga inda na tsaya. In a gidan akwai wanda ya gaji sana'ar da gaske, maharbi ne da 'yan'uwansa maharba suka sani, ko ɗan bindigar fada, to a yi wa bindigar kuɗi, a cire daga rabonsa, ya je ya nemi takarda da sunansa, ya riƙe ta da ladubbanta, ya kuma ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan haƙƙinsa ne, kuma hukuma ta sauƙaƙa masa hanya maimakon ta mai da shi mai laifi. In kuwa babu, kuma abin da ake so tunawa ne kawai, to tunawa ba ta buƙatar kunama. A Ingila akwai ƙa'idar kashe bindiga: a lalata hancin da abin harbin yadda ba za ta sake tashi ba, gidajen gwajin bindiga na Landan da Bamingam su duba su buga hatimi su ba da takarda, iyali su rataye kayansu a falo. Mu ba mu da wannan tsari a rubuce yadda talaka zai bi, ya kuwa kamata a yi shi, don maƙerin da ya iya ƙera ta ya iya kashe ta. Icen yana nan, tabon gyado yana nan, layun suna nan, ramin yatsun tsoho yana nan. Wadda kuma ta ga yaƙi ko ta fito daga gidan sarauta, Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Kanta a Argungu sun fi bayan ƙyaure dacewa da ita, a rubuta sunan mai ita a ƙasa, jikoki su je su nuna wa 'ya'yansu.

Na san za a ce bindigar da ba ta harbi ba bindiga ba ce, kamar an yi wa tsoho kaciya ne bayan ransa. Na ji wannan daga bakin ɗan Baffa, kuma ban raina shi ba. Sai dai na tuna masa cewa a Tumbutu a 1996, da Agadas a 2000, mazaje sun tara bindigogin da suka kwana da su a duwatsu shekaru, aka cinna musu wuta a gaban jama'a don a zauna lafiya. Su ma ba don ba sa son su ba ne.

A namu gidan, Malam ya yanke a ranar cewa a yi mata kuɗi a cire daga rabon Baffa. Gwaggo ta karɓi 'yan nairorin da suka faɗo mata ta ba almajirai a ƙofar gida, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Baffa ya mayar da bindigar ƙusar da take, a ɗakin da daga baya ya zama na kwanan jikoki, yakan shafa mata man gyaɗa duk shekara kafin babbar salla. Bai taɓa harba ta ba. Bayan rasuwarsa, 'ya'yansa suka yarda a kira maƙeri ya cire kunamar ya toshe bakin. Da maƙerin ya zura sanda don ya auna zurfin hancin, sai sandar ta tsaya tun ba ta kai ƙarshe ba. Ya ɗago kai ya ce a fitar da yara daga gidan. Ɗurin ƙarshe da kakanmu ya yi yana nan a ciki, albarushi da gutsattsarin ƙarfe, shekara 19 ke nan.